Fuskar Mama da Ɗinkin Bakin Buhu

A shagona da ke bayan kasuwar Kafanchan, ba na ɗora almakashi a kan yadi sai na tambayi kaina abin da zai zama ranar da mai shi ya gaji da shi. Masu kawo mini ɗinki sun san ni da wannan hali. Wasu har tsokanata suke yi, wai ni kaɗai ce telar da ke shirya wa riga tsufa tun ba a saka ta ba. Ko a jikina. Ai ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ni na ga ƙarshen tufafi da yawa da idona.

A wurin Mama na gaji wannan. A ƙauyenmu da ke kusa da Kwoi, zanin mahaifiyata ba ya ritaya. Yana sabo, na zuwa sujada ne ranar Lahadi. In ya fara koɗewa ya koma na kasuwa, daga nan na gona. In ya yi laushi sosai a goya jariri da shi, don ta ce sabuwar atamfa ƙaiƙayi take sa wa fatar yaro. Bayan goyo a yaga shi biyu, rabi ya zama gammon ɗaukar kwandon citta, rabi a riƙa tace kamu. Abin da ya saura ya koma tsumman sauke tukunya, in wuta ta gama cin gefensa ta jefa shi ramin taki a bayan gida, damina ta yi aikinta, a kwashe a kai gona. Da na koyi keke na fara ɗinka mata riguna, sharaɗi ɗaya ta kafa mini: in bar kalmasa mai faɗi a ciki, kada in yayyanka mata atamfa ƙanana-ƙanana kamar naman suya. Takan ce, “Jiki yana ƙaruwa, yana raguwa. Ki bar wa riga hanyar komawa.”

To, a shekarun nan wani yayi ya shigo mana. In babba ya rasu, iyali sukan buga yadin anko na jana'iza da hoton mamacin, fuskarsa a cikin da'ira, da sunansa, da ayar ta'aziyya, a jere daga wannan baki zuwa wancan. Ranar biso abin yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Za ka ga dangi gaba ɗaya sun fito iri guda, ko baƙo ya san gidan da aka yi rashi. Amma yadin da ake bugawa a kai na roba ne, don shi hoto ya fi kamawa. Ba ya shan gumi, ba ya riƙe goyo, santsi gare shi. Ba mai saka shi ya je biki, tunda rubutun mutuwa ne a jiki. Ba kuma mai ƙarfin halin da zai sa almakashi ya raba fuskar ubansa biyu don ya fitar wa yaro wando. Sai ya kwanta a ƙasan akwati, har ranar da za a kwashe tsofaffin kaya a ba wani wanda bai san mai fuskar ba.

Na ga inda yake ƙarewa wata rana da damina, a tashar Manchok. Na sauka daga bas ina neman acaɓa, sai ga wani magidanci ya durƙusa yana goge laka a tayar mashin ɗinsa da tsumma. Ya warware tsumman zai matse, sai na ga ido ɗaya da rabin murmushi. Matar da ta koya mana waƙa a coci ce tun muna yara, wadda na yi kuka a jana'izarta. Raina ya ɓaci. Na ce masa, “Malam, ka san fuskar wa kake goge taya da ita?” Ya duba tsumman, ya dube ni, ya ce, “Sori, Mama, wallahi ban sani ba. Cikin kayan da aka ba matata ne.” Ba shi da laifi. Na ba shi hankicina na karɓi tsumman. Da na isa gida na wanke shi, na rasa yadda zan yi da shi. In na ƙona, narkewa zai yi ya dunƙule. In na binne, ƙasa ba ta cin roba. Na ninke shi na ajiye a ƙasan akwatina, wato na mayar da shi inda ya fito.

Shi ya sa da Mama ta rasu, tun kafin hawayena su bushe na san akwai faɗa a gabana.

Gawarta tana mutuware, ɗakin ajiye gawa na asibiti, a Kafanchan, mu kuma muka taru a gida, ƙarƙashin mangwaron da ke tsakar gida, don a tsara jana'iza. Yayana, babbanmu, shi ya zauna a kujerar Baba. Manomin citta ne, dattijo a ikilisiya, mutumin da in ya ce e to e ɗin ce. Shi ya zauna da Mama a ƙauye duk shekarun da mu muka watse, shi ya riƙa ɗaukarta a mashin zuwa asibiti. Bayan an yi addu'a ya buɗe wata leda ya shimfiɗa samfurin yadi a kan gwiwarsa. Ashe har ya je wurin masu bugawa. Mama ce, da ɗankwalinta na zumuntar mata, tana murmushin nan nata na gefen baki, an jera ta layi-layi a kan shuɗin yadi mai sheƙi. Mata suka fara share ido. Hoton ya yi kyau ƙwarai, abin da ya ƙara mini ciwo ke nan.

Na ce, “Yaya, ni ban yarda ba.”

Ya ɗago ya dube ni. Tun ina koyon ɗinki Tela yake kirana in yana wasa, ranar bai kira ni haka ba.

“Me kin ce?”

“Na ce ba za a buga fuskar Mama a kan wannan yadi ba.” Na ba su labarin tashar Manchok daga farko har ƙarshe, ban rage komai ba.

Ya ce, “Wannan sakacin gidansu ne. Mu ba za mu yi haka ba.”

“Yaya, mutum nawa za su sayi ankon nan? Za ka bi su gida-gida kana gadin akwatinsu? Yau kana da iko da yadin. Ranar da aka raba shi, ya fita hannunka.”

Ƙanwarmu, wadda ke sayar da kaya a Mararaban Rido, ta sa baki. “Anti, abeg, kowa yana yi. In ba mu yi ba za a ce ba mu da kuɗi ne, ko ba mu damu da Mama ba.”

Yaya ya ninke samfurin a hankali. Ya ce, “Mama ya sha wahala a kanmu. Da citta ya kai ku makaranta, hannunsa duk ya tsage. Ina so ranar nan duk wanda ya duba mu ya ga fuskarsa. Ke kin fi mu son Mama ne?”

Maganar ta soke ni, don na san daga ina ta fito. Ba taƙama ce ke damunsa ba, kewa ce. Amma ni ma uwata ce, kuma ni ce na riƙe tsumman nan a hannuna. Na ga abu biyu a gabana: ko in yi shiru fuskar Mama ta ƙare a tayar wani, ko in tsaya a kan bakana in karya maganar babban gida a gaban dangi, abin da ba a saurin mantawa a wurinmu. Na zaɓi in tsaya, sai dai na nemi hanyar da shi ma ba zai tashi hannu banza ba.

Na ce, “Ka bar mini aikin. Ranar jana'iza kowa zai ga fuskar Mama a ƙirjin kowa, na yi maka alkawari. Amma yadda za a ɗinka, nawa ne.”

Kawunmu ya ce a ba ni, tunda sana'ata ce. Yaya bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya mayar da samfurinsa cikin leda ya ce, “In aka yi mana dariya, ke za ki amsa.”

Washegari na shiga kasuwa neman atamfa. Ba na yarda da bakin mai shago a kan auduga, ko ɗan cocinmu ne. Nakan zare zare ɗaya a bakin yadi in kyasta masa ashana. In auduga ce za ta ci ta zama toka mai laushi, in da roba za ta nannaɗe ta bar ƙwallo mai tauri. Na ƙona zaren shaguna da dama kafin na samu wadda nake so: koriya mai zanen dogayen ganye, kamar gonar citta a tsakiyar damina. Ba rubutu, ba alamar makoki. Atamfa ce da mace za ta ɗaura ta je biki, ta je kasuwa, ba wanda zai ce mata sannu da rashi.

Hoton kuwa na kai wa masu bugawa, na ce su buga shi a kan farin ƙyalle, ƙanana, kowanne kamar tafin hannu, da sunan Mama a ƙasa. Mai shagon ya yi ta mita wai aikin ba riba. Na ce ya yi haƙuri, ni ma ba riba na zo nema ba.

Saura yadda za a manna shi. Gam ba ya fita sai ya ɓata yadi, ɗinkin keke kuma sai an bi shi da reza, ana yi ana huda atamfa. Ina zaune ina tunani idona ya faɗa kan buhun shinkafar da aka kawo don baƙi. Duk wanda ya taɓa buɗe buhu ya san ɗinkin bakinsa: sarƙa ce, in ka kama bakin zaren da ya dace ka ja, gaba ɗaya take warwarewa, in ba ka taɓa shi ba kuwa buhu ya je har Legas bai zube ba. Na ɗauko kwarashi da zare mai kauri na gwada a kan ƙyalle. Ya kama daram. Na ja bakin zaren, hoton ya faɗo a cinyata, atamfar ko tabo babu.

Matan zumunta su suka taimake ni. Suka cika shagona da barandar maƙwabta, kowa da kwarashinta, suna ɗinki suna waƙoƙin da Mama take so. Zannuwan mata ban yanka ba, kalmasa kawai na yi musu. Rigunan mata da na maza na yanka su a miƙe, manyan falle, ba gam, ba duwatsu, ba shafin roba, na bar kalmasa mai faɗin yatsu uku a ciki. Guntayen da suka zuba na tara na cusa matasan kai da su. Ƙanwata da ta gwada tata ta tsaya gaban madubi ta tura baki.

“Anti, wannan ai buhu ne kin ɗinka mini. Ba shep, ba komai.”

Na ce, “Biso za ki, ba gasar kyau ba. Bayan jana'iza ki kawo in matse miki, akwai wuri a ciki.”

Ranar jana'iza cocin ya cika har waje. Da muka shigo a jere, kore shar, kowa da Mama a ƙirjinsa ta hagu, na saci kallon mutane. Ba wanda ya yi dariya. Wata tsohuwa ƙawar Mama ta kama hannuna ta shafa atamfar ta ce, “Wannan zanin kam uwarki da kanta za ta saya.” Na ji daɗi har cikin raina, na ce a zuciyata aiki ya yi.

Bayan an rufe kabari an dawo gida, shugabar zumuntar mata ta tashi ta yi sanarwar da na roƙe ta. Ta nuna bakin zaren da ke ƙasan hoton, ta ce duk wanda ya koma gida ya ja shi, ya sa hoton cikin Littafi Mai Tsarki, ko ya mayar wa iyali, atamfar kuma ya ci gaba da amfani da ita. Don ta gwada musu sai ta ja nata. Mata kuwa abin ya burge su, nan take aka shiga ja, ana dariya ana nuna wa juna. Kafin a gama raba abinci rabin tsakar gidan ba hoto a ƙirji.

Na juya na ga Yaya tsaye a bakin rumbu yana kallo. Na nufe shi ina tsammanin zai ce sannu da aiki. Ya dafe hoton da ke ƙirjinsa da tafin hannu, ya ce, “Ƙasan kabari bai bushe ba, kin cire Mama daga jikin mutane.”

Na shiga ɗakin Mama na yi kukan da ban yi a coci ba. Har yau ina ganin daidai na yi, kuma ko a ranar ban yi shakka ba. Sai dai gaskiyata ba ta rage masa zafin abin da ya gani ba, kuma yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Daga nan muka shiga wani irin zama. Ba gaba muke ba, muna gaisawa, in na je ƙauye matarsa ta ba ni abinci, in an haƙa citta ya aiko mini da rabona. Amma Tela ta ɓace daga bakinsa. Ɗinkin Kirsimeti na gidansa, da ni nake yi tun ina koyo, ya koma hannun wani tela a Kwoi. Matarsa ta gaya mini rigarsa ta jana'iza tana cikin akwati da hotonta, ya hana kowa taɓawa. Na ce a bar shi. Ban je ba da haƙuri ba, don ban san a kan me zan bayar ba, kuma shi ba mutumin da ake lallashi da baki ba ne.

Koriyar atamfar kuwa ta shiga gari. Nakan gan ta a jikin mata ranar Lahadi, na gan ta a wurin biki, daga baya na fara ganinta a wurin tsaga citta, ta koɗe ta yi laushi. Matar kawunmu ta kawo rigar mijinta na warware na fitar wa jikokinta siket biyu. Ƙanwata mai cewa buhu ta kawo tata na matse, da ta yi ciki ta sake kawowa na buɗe. Wasu gidajen da aka yi musu rashi suka fara zuwa shagona suna cewa a yi musu irin na Mama. Wasu kuma har gobe yadin roba suke bugawa, ban hana kowa ba.

Shekaru suka ɗan tura. Wata safiya ina kan keke na ji tsayuwar mashin a ƙofar shago. Yaya ne, da ƙurar hanya a wandonsa, da leda a hannu. Na ba shi kujera, na kawo ruwa. Muka gaisa, ya tambayi yara, na tambayi gona. Ya ce babbar 'yarsa ta sauka lafiya, mace aka samu. Na riga na ji, amma na yi murna kamar yanzu na ji.

Ya ce, “Yarinyar, in kin gan shi, goshin Mama ne sak. Har yadda yake murguɗa baki.”

Ya juya kofin ruwa a hannunsa. Can ya ce, “Jiya a kasuwar Kwoi na ga wata mata da goyo. Ban san shi ba sam. Amma zanin goyon, koren nan ne. Na bi shi har wurin masu manja, na gaishe shi, yana ta mamaki.” Ya ɗan yi dariya, ya share ido da bayan hannu. “Yaron yana barci abinsa.”

Na san yayana, in ka taya shi magana a irin wannan lokaci sai ya fasa.

Ya buɗe ledar ya fito da rigar. Tana nan sabuwa fil, da ƙamshin akwati, Mama tana murmushi a ƙirjinta. Ya shimfiɗa ta a kan teburin yanka.

“Za a miƙa yarinyar a coci. Ina so ya saka wannan. Zai fita?”

Na juya rigar na duba kalmasar da na bari da hannuna. Na ce, “Riga za ta fita, har da majanyin goyo.”

Na miƙa hannu zan kama bakin zaren, ya riƙe mini hannu.

“Bari. Buhu nawa na buɗe a rayuwata?”

Yatsunsa masu kaushi suka lalubi ƙasan hoton, ya kama zaren daidai inda ya kamata, ya ja a hankali. Sarƙar ta bi ta warware har ƙarshe. Hoton ya zame, ya tare shi da tafin hannu kafin ya taɓa tebur. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sa shi a aljihun gaban rigarsa ya danne da hannu.

Ya ce, “Ke dai, Tela, ɗinkin buhu kin yi wa babban yayanki.”

Na sunkuyar da kai kan rigar don kada ya ga fuskata, na ɗauki reza na fara warware kafaɗa. Fallayen suka fito manya, a miƙe, kamar yadda na yanka su. Na auna rigar jaririyar, na ƙara mata yatsu uku a ciki.

Yaya yana kallo ya ce, “Bai yi yawa ba?”

Na ce, “Za ta girma.”